Filin Gwaggo: Ɗakunan haya a Garki ko a Dutse?

 Ni malamar firamare ce a ƙaramar hukumar Garki, na yi ritaya bara. Kuɗin sallamata sun fito, na haɗa da na shanu biyu da na sayar da kuma kwasar adashi, yanzu ina da wajen naira miliyan 7 a banki. Maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyar, biyu har yanzu suna karatu. Burina in gina ɗakunan haya ko na riƙa samun abin cefane ban da fansho. Ƙanin mijina ya ce in yi a nan Garki, tunda akwai filin gado a bayan gari, a zuba ɗakuna takwas a jere. Babban ɗana kuma ya dage sai Dutse, wai wani dillali ya nuna masa filin awon igiya mai araha ta wajen jami'a. Ni dai abin da nake gani, kuɗin kullum raguwa suke: yau biki, gobe asibiti, jibi mai neman rance. Ina zan dosa?

Malama mai ritaya, Garki

Malama, Allah Ya jiƙan maigida, Ya sa albarka a wannan gumi na alli da allo.

Bari in fara da ƙarshen wasiƙarki, don nan ne wutar take ci. Kuɗin da dangi suka san adadinsu ba sa kwana da yawa. Tun kafin a yi maganar bulo, ki ware kuɗin makarantar yaran nan biyu na shekara guda da ɗan abin asibiti, ki ajiye su daban. Sauran ki mayar da su asusun da ba ki da katin cire kuɗi a kansa, wanda sai kin taka ƙafa zuwa banki. Duk wanda ya zo rance, amsa ɗaya ce: kuɗin sun shiga aiki. Ba ƙarya kika yi ba.

To, ƙanin mijinki ya yi maganar fili, ɗanki ya yi maganar fili. Babu wanda ya gaya miki wa zai shiga ɗakin. Ni kuwa a wurina wannan ce tambayar farko, sauran duk a bayanta suke.

Kin fi ni sanin Garki. Ɗan gari ba ya haya. Saurayi in aure ya taso, ana yanka masa wuri a gidan ubansa, ko a tayar masa da ɗaki a kangon kakansa. Baƙo ne ke haya: malamin sakandaren da aka yi wa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar asibiti, ɗan sanda, ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin sakatariya. Su ma da yawansu iyalinsu na Kano ko Ringim ko Gumel, wurin kwana kawai suke nema daga Litinin zuwa Alhamis, kuma ba za su yarda su biya da tsada ba. Irin waɗannan mutane kusa da wurin aikinsu suke so, inda akwai ruwa da mai shayi da abin hawa. Ɗakuna takwas a bayan gari, ina jin tsoron biyu za su samu mutane, shida kuma su zama wurin ajiye ƙaiƙayi da harawar dangi, kyauta.

Dutse daban ce, kuma ɗanki bai yi kuskure ba da ya hango ta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da garin babban birni, baƙi ke shigowa: ma'aikatan gwamnati, 'yan kwangila, 'yan kasuwa. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 sai abin ya ƙaru, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga asibitin Rasheed Shekoni, ga 'yan bautar ƙasa da ke fitowa daga sansanin Fanisau suna neman inda za su sa katifa. Mai neman ɗaki yana nan. Sai dai ki san abin da ke tafe da shi. Fili mai takarda a inda ɗalibi zai iya takawa zuwa aji zai cinye babban kaso na kuɗinki tun ba a haƙa tushe ba. Sannan hayar ɗalibai tana bin kalandar makaranta: a 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, yara suka koma gida, masu ɗakuna suka zauna jiran tsammani, da aka dawo kuma aka shiga gardamar wa zai biya watannin da ba a zauna ba. Ga shi kina Garki. Famfo ya fashe, masai ya cika, maƙwabta sun kai ƙara wajen mai unguwa saboda kiɗa da dare, wa zai je? In ɗanki ne, ki tambayi kanki tsakani da Allah ko kuɗin haya za su riƙa isowa hannunki cif. Ban san shi ba, ke kika haife shi.

Ga aikin da zan ba ki, kuma da kanki za ki yi, ba aike ba. Ki sa mayafinki ki shiga gidajen haya, a Garki da kuma Dutse. Kada ki tambayi dillali, shi la'adarsa yake nema, kowane fili a bakinsa gobe za a kawo kwalta. 'Yan hayar za ki tambaya, musamman matan, ki same su da hantsi suna wanke-wanke. Nawa kuke biya? Yaushe aka yi muku ƙari? Ɗaki nawa ne ba kowa a gidan nan, tun yaushe? Ina kuke samun ruwa, nawa jarka? Me zai sa ku tashi? Ki leƙa banɗaki. Ki dubi inda ruwan wanka yake bi. In kin ga ƙofofi uku da kwaɗo ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin taga, kin samu amsar da babu dillalin da zai ba ki. Ke da kika shekara da shekaru kina duba rajistar aji, ki riƙe littafi ki rubuta komai.

Daga nan sai lissafi, kuma ina so ki yi shi da sanyin rai. A matsayin misali kawai, ki ce kin kashe miliyan 7 ɗin duka kin samu ɗakuna uku masu banɗaki, kowanne ana biyan naira 150,000 a shekara. Kin ga 450,000 ke nan. Ki cire gyaran rufi, fenti, kwashe masai, da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa, a ce 350,000 ta rage. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo. Ki sa ainihin farashin da kika jiyo a madadin nawa, ki ga abin da zai fito. Ba na faɗi haka don in kashe miki gwiwa ba. Gidan haya ba ya sa mutum kuɗi da wuri, amfaninsa shi ne yana riƙe daraja a lokacin da naira ke zubewa. Kin ga yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wanda ya bar kuɗinsa a banki tun lokacin, yau ba za su saya masa abin da za su saya a da ba, mai ɗaki kuwa ɗakinsa na nan, kuma yana iya ƙara haya. Amma in so kike kuɗin haya su ɗauki nauyin gida gaba ɗaya daga baɗi, gara ki sani tun yanzu ba za su iya ba.

Yanzu maganar takarda, wadda ta fi komai jawo kuka a wasiƙun da ke zuwa wannan fili.

Kin ce filin gado. Gadon wa? In na maigidanki ne, to ba naki ba ne ke kaɗai. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran na 'ya'ya ne, da iyayensa in suna raye. In kuma filin na kakan yaran ne da ba a taɓa rabawa ba, to shi kansa ƙanin mijin naki yana da haƙƙi a ciki, da 'yan uwansa mata da suke gidajen aure. Ba ina zargin bawan Allah da komai ba ne, wataƙila alheri yake nufi. Amma in kika zuba kuɗin sallamarki a ƙasar da ba a raba ba, ranar da aka tashi rabo ginin zai shiga lissafi, kuma ba lalle waɗanda suka yi miki alkawari da baki su ne za su kasance a raye ba. A kira malami ko a je gaban alƙali a raba, a rubuta, dagaci da mai unguwa su sa hannu, a kafa alamar iyaka maƙwabta na kallo. Idan kason yaran ne za ki gina a kai, a rubuta cewa ginin naki ne. Za a ce kin cika tsanani. Ki bari a ce.

Na Dutse kuma, awon igiya sunansa ya faɗi halinsa: gona ce aka yanka da igiya, ba gwamnati ce ta tsara ba. Ba duka ne ke zama matsala ba, unguwanni da yawa haka suka tashi. Amma a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma ko mai irin wannan takarda in zai sayar sai da amincewar gwamna. A karkara ne ƙaramar hukuma ke ba da nata izinin. Saboda haka takardar ciniki mai sa hannun shaidu biyu ba ta hana a zo wata rana a ce nan hanya ce, ko filin makaranta ne, ko an riga an biya diyyarsa tun tuni. Kafin ki ba da ko sisi, ki je ma'aikatar filaye a Dutse da hukumar raya babban birnin, ki nuna wurin, a duba miki ko yana cikin wani tsari. Ki ga mai filin ido da ido, ba wakilinsa ba. Ki tambayi masu gonakin da ke kewaye ko an taɓa sayar wa wani. Kuɗi kuma ta banki, don ya bar sawu. Duk dillalin da ya ce ki yi sauri akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ki ce Allah Ya sanya wa Alhaji albarka.

Kada ki sayi fili da rani. Mutanen Jigawa ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2022, masarautarku ta Ringim ma ta ɗanɗana. Filin da ya yi fes a watan Maris yana iya zama tafki a Agusta. In ba za ki iya jiran damina ba, ki dubi katangar maƙwabta daga ƙasa: ruwa yana barin zane, wani layi mai duhu inda filasta ta kumbura ta fara zuba. In zanen ya kai gwiwarki, ki juya.

Sai gini. Ki zaga kowace sabuwar unguwa ki ga kangaye nawa suka kai linta suka tsaya, ciyawa ta fito a falo, awaki na kwana a inda aka yi nufin kicin. Mafi yawansu masu su ba malalata ba ne, babba suka faro, siminti ya gudu ya bar su. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, mutane da yawa a nan suka tsaya. Kango ba ya kawo ko kwabo, bulo ma lalacewa yake in ya sha damina uku ba rufi. Ɗaki biyu da aka gama, da ƙofa da taga da banɗaki, sun fi takwas da ke jiran kwano. Ki sa a zana miki filin yadda za a iya ƙari nan gaba, amma ki gina abin da kuɗin hannunki za su kai shi har mukulli, kuma ki bar kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe, don babu ginin da ke tsayawa a kan lissafin farko. Kayan aiki ki saya da kanki ko ki tura wanda kika yarda da shi, a ƙirga buhu a gabanki. Magini ku yi jinga mataki-mataki: tushe, linta, rufi, filasta, kowanne a biya in an gama. Kada tausayi ya sa ki biya kuɗin rufi ana kan tushe.

Inda ba zan so ki yi tsimi ba shi ne ramin masai da ruwa da wuta. Faɗan gidan haya kusan duk a nan yake. Tayil da silin mai ado za su iya jira. Ki nemi mitar KEDCO mai kati, in da hali kowane ɗaki da tasa, don kada ki wayi gari ɗan haya ya tashi ya bar miki bashin wutar shekara biyu a kan gidanki.

Da ni ce ke, da shekarunki da wannan kuɗi, ba zan gina takwas ba, ba kuma zan sayi awon igiyar da ban bincika ba. In binciken ya nuna akwai baƙin da ke neman wuri a Garki, zan nemi ƙaramin fili ko tsohon gida a cikin gari, kusa da asibiti ko bakin hanya, in fitar da ɗaki biyu da shago ɗaya a gaba. Shago a wurin da ƙafa ke bi yakan fi ɗaki saurin samun mai kamawa, kuma mai shago ba ya son tashi. Abin yana gabanki, kina iya zuwa da ƙafa ki ga yoyo tun bai zama rami ba. Dutse ta jira zagaye na biyu, lokacin da kin koyi halin 'yan haya kuma yaran sun gama karatu.

Gwaggo, barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse. Da ƙyar na gina ɗakuna huɗu. Biyu baƙi ne a ciki, suna biya ba matsala. Ɗaya ƙanin matata ne, ɗaya ɗan baffana, shekara biyu ke nan ban ga ko naira ba. In na yi magana a ce na ci zumunci. Wani abokina ya ce in cire musu ƙofa ko in kware kwanon, za su tashi da kansu.

Magidanci, Dutse

Malam, kada ka taɓa ƙofa, kada ka taɓa kwano, kada ka yanke wuta. Ranar da ka yi haka kai ne mai laifi a gaban hukuma, a cikin dangi kuma an samu labarin da za a riƙa bayarwa har jikokinka. Abokin naka ba shi zai tsaya gaban alƙali ba.

Ina zaton lokacin da suka shiga ba a faɗi kuɗi ba, an dai ce ku shiga ma yi magana. Su suna ganin alfarma ce, kai kana ganin bashi ne. Sai ka fara yanke wa kanka hukunci: akwai ɗakin da za ka iya bari saboda Allah? In akwai, ka faɗa da bakinka, ka sa masa wa'adi, ka daina ƙirga shi, zuciyarka ta huta. In babu, ka tara su gaban babba, baffan naka ko wani da suke jin nauyinsa. Maganar ƙanin matarka kuwa kada ka ɗora wa uwargida ita kaɗai, za ka sa ta a tsakiya ne, ka je wajen surukanka da kanka cikin ladabi. Shawarata ka yafe na baya, don da wuya ka same shi, ka sayi na gaba da shi: daga wata kaza haya nawa ce, ko kuma a ba ka ɗakinka ranar kaza. A rubuta, shaidu su sa hannu.

In sun ƙi, akwai hanya. Ana ba da notis a rubuce, kuma abin da aka saba a dokokin haya na ƙasar nan shi ne wata guda ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Bayan ya cika a ƙara na kwana bakwai, sannan kotu. Tunda naka ba su da takarda kuma ba sa biya, ka ga lauya ya faɗa maka wanda ya dace da su. Sau da yawa ba a kaiwa can, zama ɗaya a zauren mai unguwa yana gamawa.

Su ma baƙin nan biyu masu biya, ka yi musu takarda tun ana shiri: nawa, yaushe, wa ke gyaran me, mutum nawa za su zauna, da rasit duk lokacin da suka biya.

Gwaggo, ni matashi ne, ina sayar da hatsi a kasuwannin Gujungu da Maigatari. Wani ya ce zai ba ni jinginar gidansa a kan naira miliyan 2, in zuba 'yan haya ina karɓa har ranar da ya dawo min da kuɗina. Na ga kamar hanya ce mai sauƙi ta farawa. Kuma shin gidan haya ana fitar masa da zakka?

Ɗan kasuwa, Ringim

Ɗana, wannan jingina tsohuwar al'ada ce a gonaki da gidaje, amma ka kai ta gaban malaminka kafin ka miƙa kuɗi. Abin da malamai da yawa ke cewa shi ne kuɗin nan rance ne, hayar da za ka riƙa ci kuma amfani ne da rancen ya jawo, wanda suke sa shi a babin riba. Ko ta fuskar kasuwa ma ka duba: in ya dawo maka da miliyan 2 bayan shekara biyar, buhun gero nawa za su saya a lokacin? Gidan ya yi daraja, amma nasa ne. In ya rasu kuma, da magada za ka yi.

In hayar kake son koya da ƙaramin jari, ka kama gidan haya ta shekara uku ko biyar a kan kuɗi sananne, da izinin mai shi a rubuce cewa za ka gyara ka sa wasu. Wannan ciniki ne, ribarsa da asararsa naka. Ko ku haɗa kuɗi da wani amintacce ku sayi ƙaramin wuri, a rubuta kason kowa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin sayen gida, amma sai ka gwada abin da za ka riƙa biya duk wata da abin da haya za ta kawo, yawanci hayar ba ta kaiwa. Kuma kada ka zare jarin hatsinka gab da kaka saboda gini.

Zakka kuwa, gidan da aka ajiye don haya ba a fitar da ita a kan ginin kansa. A kan kuɗin hayar take, in sun taru, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, suka kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunka. Gidan da aka saya don a sayar hukuncinsa daban ne, kayan kasuwa ne. Nisabi yana canzawa da farashin zinariya, sai ka tambayi na bana a wajen masu kula da zakka na masarautarku.